Direban da Gidansa Mota Ne, Ina Zai Kwana?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana a madadin wasu bayin Allah da kullum ake zagi amma ba a cika jin ta bakinsu ba, wato direbobin manyan motoci. Ni tsohon direba ne. Na fara da karen mota a bayan roka tun ina saurayi, na ƙare a kan tirela, sai da ciwon baya da raunin ido suka sauke ni. Yanzu ina zaune a Dogarawa ina ɗan sayar da baƙin mai da tsofaffin tayoyi a bakin titi, don haka har gobe ina ganin abin da ke wucewa.

Abin da ya tunzura ni rubutu shi ne, ɗana da ya dawo daga bautar ƙasa ya zo min da waya yana nuna min bidiyon wasu Turawan Amurka, mata da miji, da suka ɗora ɗan ɗaki a bayan a-kori-kura suka mayar da ita gida. A ciki suke kwana, a ciki suke girki, suna ratsa ƙasarsu daga wannan teku zuwa wancan. Inda dare ya yi musu nan za su tsaya, su fito da kujeru su hura wuta, gari ya waye su ƙara gaba. Yaron nan idonsa har ƙyalli yake. Wai shi ma da abokansa biyu suna so su ari motar kawunsa su yi irin wannan, su fara da Yankari su yi wanka a ruwan Wikki, su hau tsaunin Mambila har Gembu, su gangara Obudu. Na ce masa to madalla, ƙasar tana da abin gani, na gan ta ta gilashin mota fiye da yawancin masu mulkinta. Amma na tambaye shi abu ɗaya: idan magariba ta yi muku tsakanin gari da gari, ina za ku ajiye motar ku rufe ido? Ya yi shiru. Wannan tambayar ita ce dubban direbobi ke yi wa kansu kowace yamma a ƙasar nan, su kuwa ba yawon buɗe ido suka fito ba.

Bari in ɗan kwatanta wa masu karatu yadda zaman mota yake, don mai ƙaramar mota da ke wuce mu yana tsaki bai san komai a kai ba. A ce ka yi lodin masara a Giwa za ka Legas. Za ka biyo ta Shika da Samaru ka faɗo Kwangila, ka miƙe Kaduna. A zamaninmu sai mu yanke ta Buruku da Birnin Gwari mu fita Tegina, daga nan Mokwa, mu haye gadar Jebba, Bode Sa'adu, Ilori, Ogbomosho, Oyo, Ibadan. Da hanyar Birnin Gwari ta zama abin da ta zama, yawancin yara suka koma bi ta Tafa da Lambata, su ratsa Lapai da Agaie zuwa Bida kafin su kama Mokwa, ko kuma su yi ta Lokoja da Okene. A takarda tafiyar wajen kilomita dubu ce. A ƙasa kuwa, in wata motar ta faɗi a ƙuntataccen wuri ko gada ta karye, kamar yadda ta Tatabu ta yi a daminar 2017, kana iya yin kwana da kwanaki a wuri guda ba gaba ba baya. To duk tsawon wannan lokaci motar ita ce ɗakinka, ita ce kicin, ita ce ma'ajiyar kuɗinka, ita ce kuma amanar da mai mota da mai kaya suka ɗora maka.

A bayan kujerar direba akwai ɗan gado, faɗinsa bai wuce mutum ɗaya ya kwanta a miƙe ba. Nan ne na direba. Yaran mota kuwa, in rani ne su hau saman kaya su kwanta a kan tamfol, in kuma ana yayyafi su shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin bodi su ɗaure gidan sauro a jikin ƙarfe. Shi ya sa duk direban da ya san aikinsa ba ya tayar da mota da asuba sai ya zagaya ta da fitila ya bubbuga bodi ya kira sunan kowa. An sha taka yara a haka, Allah Ya jiƙansu. A gefen bodin akwai akwatin ƙarfe da mai walda ya haɗa, cikinsa risho ko ɗan murhun gawayi, tukunya biyu, manja, barkono, gishiri, shinkafa da taliya. Doya a ƙasar Neja muke saye don ta fi araha, manja da ayaba kuwa sai a dawowa daga kudu. Dafa-duka ce abincin hanya, in an gaji a jiƙa gari da ƙuli a sha. Ruwa shi ne babban abu. Jarka biyu ko uku za ka ɗaure, kuma daga cikinsu za a sha, a yi girki, a yi alwala, a zuba wa lagireto in ta yi zafi. Wanka sai an dace da rafi, ko ka biya a ba ka bokiti a bayan wani shago da aka kewaye da buhu. Maganar bayan gida kuwa, Edita, ka yafe ni. Dattijo mai jikoki ya ɗauki buta ya shiga ciyawa a gefen titi, a garin da ba a san shi ba, wani lokaci yara na jifansa.

Salla muna yin ƙasaru, kuma muna haɗa azahar da la'asar in tafiya ta matsa. Na tuna gardamar da muka riƙa yi a layin shiga tashar jirgin ruwa ta Apapa, lokacin da tireloli ke jeruwa a kan gada mako da makonni: shin wanda ya daɗe haka a wuri ɗaya matafiyi ne ko mazauni? Wani malami a cikinmu, direba ne shi ma, ya ce tunda ba wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu, kullum cewa muke gobe za mu shiga, to ƙasaru ta ci gaba. Haka muka yi ta yin raka'a biyu a kan kwalta. An ce tsarin kiran mota ta waya da aka kawo a 2021 ya rage wannan layi, kuma yaran da ke zuwa yanzu sun tabbatar min ba kamar da ba.

Duk wannan mai sauƙi ne, mutum yana sabawa. Abin da ba a sabawa da shi shi ne dare. Mutane na tambaya, don me tireloli ke cunkushewa a Kwangila da Ɗan Magaji da Mararrabar Jos da Tafa, ga daji nan fili fetal ba su je can sun tsaya ba? Amsar ita ce wanda ya tsaya shi kaɗai a daji ya sayar da ransa. Mafi sauƙin abin da zai same shi a zuƙe masa gas daga tanki, a kwance batir, a yanka tamfol a sauke buhuna. Akwai ɓarayin da ba sa ma jiran ka tsaya, a kan hawa suke ɗafe bodi lokacin da mota ke tafiya da giya ɗaya, su riƙa jefo kaya ƙasa kai kana gaba ba ka sani ba. Buhun da ya ɓata kuwa daga aljihun direba za a cire. Mafi munin kuma kowa ya sani, a tafi da kai da yaranka daji a kira mai mota a faɗi kuɗi. Saboda haka direba yana neman inda akwai haske, akwai mai shayi da ba ya tashi sai asuba, akwai 'yan uwansa da za su ji ihunsa. Irin waɗannan wurare kaɗan ne, motocin kuwa dubbai, filin ajiye su babu. Sai na farko ya tsaya a kafaɗar titi, na biyu ya tsaya a gefensa, kafin sha biyun dare hanya mai layi biyu ta koma ɗaya. Da asuba wata bas ta taho da gudu ta shige ƙarƙashin tirelar da ke tsaye, washegari a ce direbobin manyan motoci ba su da imani.

Wanda kuma ya isa ya tarar ba wuri, ko ya ji tsoron tsayawa, sai ya ce bari in ƙarasa gari na gaba. Nan gyangyaɗi ke shigowa. Mu a da goro ne da shayi mai kauri, sai yaron mota da aka ɗora wa aikin yi maka hira. Yaran yanzu da yawa sun koma ƙwaya, tiramol da 'yan uwanta, don ido ya ƙi rufuwa. Ba na kare su, abin da suke yi haram ne kuma kisan kai ne. Amma duk wanda ke son ya raba direba da ƙwaya ba tare da ya tanadar masa inda zai yi barci ba, yana ɗiban ruwa ne da kwando.

Ɗan ƙanina yana tuƙin tirela a Amurka, mukan yi magana ta WhatsApp, kuma shi na tambaya game da Turawan nan na bidiyo. Ya ce ai ba jarumta ba ce ta sa suke iyawa, ƙasar ce aka shirya. Manyan hanyoyinsu da suka haɗa jihohi an fara gina su ne bayan wata doka da Shugaba Eisenhower ya sa wa hannu a 1956, kuma ɗaya daga cikinsu, wadda ta taso daga San Francisco ta ƙare dab da New York, ta haura kilomita 4,600, wato kusan ninki uku na Legas zuwa Maiduguri. A kan hanyoyin akwai wuraren hutawa na gwamnati da banɗaki da ruwa, akwai kuma manyan tashoshin 'yan kasuwa inda direba zai sha mai, ya yi wanka da ruwan zafi, ya wanke kaya, ya ci abinci, ya kwana. A yammacin ƙasar akwai filayen gwamnatin tarayya masu faɗin gaske da aka yarda mutum ya yada zango kyauta har kwana 14 a wuri guda. Direban haya kuma doka ta kayyade masa: tuƙin awa 11, sannan dole ya huta awa 10, kuma tun ƙarshen 2017 na'ura ce a jikin motar ke rubuta lokacin, ba ya iya ƙarya.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai cikin labarinsa shi ne, su ma ba su tsira ba. A 2009 wani direba mai suna Jason Rivenburg ya isa da wuri kusa da inda zai sauke kaya a jihar South Carolina, bai sami wurin tsayawa ba, ya ajiye mota a wani tsohon gidan mai da aka daina amfani da shi. A nan aka harbe shi saboda dala bakwai da ke jikinsa. Matarsa ta tashi tsaye ta yi ta bin 'yan majalisa, har a 2012 aka sa wata doka da ake kira da sunansa, wadda ta sa samar wa manyan motoci wurin kwana cikin ayyukan da kuɗin hanyoyi na tarayya zai iya yi. Mutum ɗaya ke nan. Mu nan wa ya san adadin direbobi da yaran mota da aka kashe suna barci tsakanin Kaduna da Jebba? Ko sunayensu ba a bugawa.

Kuma ba sai mun je Amurka koyo ba. Kakana na wajen uwa bafatake ne, yana cikin ayarin da ke zuwa Gwanja sayo goro da jakuna, tafiyar watanni. Yadda tsofaffi suka ba mu labari, ayari ba ya tashi sai madugu ya san inda za a sauka. Jagaba na gaba yana duba hanya, ana tashi da sassafe, kafin rana ta take an isa zango. Zangon kuma ba daji ba ne kawai. Fili ne a bayan gari kusa da ruwa, da wurin ɗaure dabbobi, matan gari su kawo fura da tuwo su sayar, madugu ya kai wa sarkin garin gaisuwa, a biya fito in za a haye kogi, shi kuma sarki ya ɗauki nauyin tsaron baƙinsa. Garuruwa sun tashi a kan haka, ga Zangon Aya nan a kusa da mu, ga Zangon Kataf. Sarakunan da ba su da kwalta ba su da injiniya sun gane cewa wanda ya karɓi kuɗin matafiyi to ya ɗauki alhakin kwanansa. Yau kuɗin ana karɓa fiye da na da. Daga Zariya zuwa Legas direba zai tara rasit cike da aljihu, na jiha, na ƙaramar hukuma, na ƙungiya, na kayan gona, ban da masu sanda mai ƙusa da ba sa ba da rasit ɗin ma. Ko rijiya ɗaya ban taɓa ganin an haƙa da sunan wannan kuɗi ba.

An yi shekaru ana sanar da cewa za a gina wa manyan motoci tashoshin hutawa a wurare irin su Lokoja, Jebba, Ogere, Obollo-Afor da Mararrabar Jos. Mun ji a rediyo, mun yi murna. Wanda ya bi hanyar da dare ya san inda motocin ke kwana har yanzu. Wani lokaci kuma sai a share fili a kewaye, a ce ga tasha, amma ba a zuba dutse ba, damina na sauka mota mai tan talatin ta nutse har gindi. Direba ya ga ɗan uwansa ya kwana biyu ana janyo shi, gobe ko da bulala ba zai shiga ba. Ko a kai filin can nesa da gari inda ba mai abinci ba bakanike, a sa kuɗin shiga mai tsada, sannan a ce direbobi sun ƙi bin doka.

Ina ganin Zariya ce ya kamata ta fara nuna yadda ake yi, don nan hanyoyi suka haɗu. Mai zuwa Kano daga kudu ta nan zai bi, mai zuwa Funtuwa da Gusau da Sakkwato a Kwangila zai karkata, mai zuwa Jos ta Pambeguwa da Saminaka daga nan zai ɗauka. Ga shi an gyara hanyar Kaduna zuwa Kano ta yi kyau, gudu ya ƙaru, wanda ke nufin tirelar da ke tsaye a kafaɗa ta fi da haɗari. Sannan a garin nan, a hanyar Basawa, akwai cibiyar koyar da fasahar sufuri ta ƙasa, NITT, tun 1986. Masana harkar suna nan tare da mu. Abin da nake roƙo su fara da shi mai sauƙi ne: su tura ɗalibansu su ƙirga motocin da ke kwana tsakanin Ɗan Magaji da Kwangila da Dogarawa, dare bayan dare, rani da damina, su zauna da direbobi a teburin mai shayi su tambaye su me zai sa su shiga tasha. Kada a zana komai a ofis kafin a yi wannan.

In an tambaye ni, ba otal muke nema ba. Fili ne mai faɗi dab da babban titi, a daddaɓe shi da dutse yadda zai ɗauki nauyi, ƙofar shiga daban ta fita daban don kada wanda zai tashi da asuba ya tarar an toshe shi. Katanga, fitilu masu amfani da hasken rana, rijiyar burtsatse, banɗaki da wurin wanka da za a riƙa wankewa, masallaci. Tankokin mai a ware musu gefe guda nesa da masu girki, wannan ba abin wasa ba ne ga duk wanda ya ga yadda tankokin mai suka fashe suka ƙone jama'a a Majiya a 2024 da mahaɗar Dikko a farkon 2025. Masu shayi da masu abinci da masu faci da kanikawan da ke bakin titi yanzu, a ba su rumfuna a ciki da haya mai sauƙi, don in ba su koma ba direba ma ba zai koma ba. A sa ɗan ɗakin shan magani mai awon hawan jini da suga da ido, domin zama wuri ɗaya da shan shayi mai sukari sun gama da yawancin sa'o'ina. Kuɗin kwana ya zama guda ɗaya, a rubuce a allo, da rasit, kuma wanda ya karɓa shi zai biya in an saci batir a cikin katangarsa. In aka yi haka, sai a hana kwana a kafaɗar titi, a ci tarar duk wanda ya ƙi, ni mai goyon baya ne.

Shugabannin ƙungiyoyinmu na direbobi da na masu motoci su ma da nasu. Sun nuna suna da ƙarfi in sun so. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, da masu safarar abinci da shanu suka tsayar da motoci a Jebba, cikin 'yan kwanaki tumatur da albasa da nama suka yi tashin gwauron zabi a Legas, manya suka yi ta kiran taro. Wanda ke da irin wannan murya bai kamata ya kasa samar wa 'ya'yansa wurin kwana da banɗaki ba. Masu motoci kuma su daina yi wa direba waya da tsakar dare suna tambayar me ya sa bai isa ba. Tumatur na ruɓewa, gaskiya ne, amma kuɗin kwandunan da ke bayan motar bai kai kuɗin kan motar ba, balle ran mutum uku da ke ciki da na waɗanda za su yi karo da su.

Ina kuma roƙon jaridarku ta tura wakili, ba da rana ba, ya je Mararrabar Jos ko Tafa wajen ƙarfe ɗaya na dare ya kwana tare da direbobi, ya ga inda suke samun ruwa da inda suke kewayawa, ya tambayi nawa kowannensu ya biya daga inda ya yi lodi zuwa nan, ya buga lissafin yadda yake. In yana son wanda zai raka shi, ya zo Dogarawa ya tambayi tsohon direba mai sayar da baƙin mai, yaran da na koya wa tuƙi suna bin hanyar kowane mako.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah Ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka, Ya kai matafiya gida lafiya.

Naku,
Wani tsohon direban babbar mota,
Dogarawa, Zariya.